Fitilar da Ba Ta Shiga Fim Ba

Sau tara na mutu ran Talata.
Sau tara na zube a gindin bagadi,
jinin ƙarya mai zaƙin sukari na bin gemuna,
darakta na ihu: "A sake! Hovsep, mutu a hankali!"
Shekara talatin ina sharar cocin nan
a kan dutsen ƙauyenmu, a Armeniya,
ban taɓa jin an ce wa mai mutuwa ya rage sauri ba.

Da motoci goma sha ɗaya suka zo,
da fitilu masu kashe ido, da bindigogin roba.
Wai ƙarƙashin bagadinmu akwai akwati,
cikin akwatin akwai takarda,
cikin takardar akwai sirrin da zai girgiza duniya,
wasu masu baƙar kwat na farautar duk wanda ya sani.
Ni ne ɗan zuhudun da ya sani.

Takardar kuwa, na san asalinta.
Matata Shushanik ce ta jiƙa ta da shayi,
ta gasa ta a tanderun gurasa.
Shekara dubu biyu cikin rabin awa!
Aka biya ta, ta sayi takalmin sanyi.

Ran Alhamis aka ce a haƙa rami bayan katanga,
inda jaruma za ta tsinci makulli.
Nvard na gefe, masaniyar kayan tarihi,
hukuma ta turo ta, ba mai ko ba ta kujera.
Sai shebur ya ce ƙwas.
"Dakata," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba,
amma har janareta sai da ya yi shiru.

Ta durƙusa da ɗan buroshi,
awa uku tana share ƙasa kamar mai wankan jariri.
Darakta na duba agogo, kuɗinsa na ƙonewa,
rana na sulalewa bayan dutse.
Abin da ya fito bai cika tafin hannu ba:
fitilar yumɓu,
bakinta baƙi da hayaƙin daren wani,
ga gicciye a bayanta, a karkace,
da tsinke aka zana shi, ko da ƙaya.

"Nawa za ta yi?" in ji jarumi.
"Akwai rubutu?" in ji darakta.
Babu. Ba suna, ba taswira.
Ya taɓe baki: "Kyamara ba za ta gan ta ba."
Aka matsar da ramin taku ashirin,
aka binne makullin, jaruma ta tsince shi da kuka.

Da yamma Nvard ta yafito ni.
A gindin fitilar akwai shatin babban yatsa,
na wanda ya gina ta, tun yumɓun na ɗanye.
Ta ce, "Ba a taɓawa."
Ta dubi gemuna, da sauran jan sukari,
ta ce, "To. Sau ɗaya."
Yatsana ya zauna daram.
Na ji sanyi ya bi ni har gwiwa,
kamar an miƙo mini hannu ta ƙasan ƙofa.

Wani ya tashi cikin duhun asuba,
ya tsiyaya ɗan man da ya rage,
ya kare harshen wuta da tafi don iska,
ya hawo wannan tudun da nake hawa da haki,
ya ce wa Almasihu abin da ke damunsa.
Wataƙila ɗa ne ba lafiya. Wataƙila saniya.

Fim ya fito bara. Jikana ya kai ni Yerevan.
An yi tsere da mota, an fasa katanga,
mutuwata ba ta kai tsawon atishawa ba.
Fitilar na cikin wata durowa da lamba a wuya.

Ran Lahadi nakan riga kowa zuwa.
In na kunna kyandir na farko
sai in kare shi da tafi,
ko da babu iska.